Bel Biyu na Kumai

Duk wanda ya ci kasuwar Kafanchan a shekarun nan ya san ƙarar injin Kumai tun kafin ya san fuskarsa. Injin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙafar tsohon keken ɗinki ce ya ɗora wa ƙananan tayoyi biyu, sai bel mai kaushi da ke zagaya su. Ya taka, ya kara wuƙa, tartsatsi ya tashi. Da shi yake ci da matarsa Hulda da 'ya'yansu, Afiniki da ƙannenta, tun da aikin reluwe ya mutu a hannunsa.

Bayan rikicin 1987 mutane suka ja jiki, kowa ya koma gun nasa. Kumai ɗan coci ne, amma bai gusa daga bakin rumfar mahauta ba, don Malam Tanimu, babba a cikinsu, ya ce ba mai taɓa shi. Ranar Alhamis kuwa sai ya ɗaure injin a keke ya nufi kasuwar aladu a Katsit, ya wasa wuƙaƙen can. Bai taɓa ɓoye wannan ba, bai kuma taɓa faɗa ba. Abin da ya ɗauka ya isa shi ne bel biyu: na mahauta daban, na Katsit daban, kowanne da ledarsa. Ko Hulda ba ta isa ta haɗa su a jaka ɗaya ba.

Bel ɗin nan wajen Onyedikachi mai kayan inji kaɗai ake samu. A 1993 ya kwashe iyalinsa ya tafi gida, shagon ya zauna da kwado. Tun daga nan Kumai yake lallaɓa na hannunsa kamar mai jinya.

Ana jajibirin babbar sallah Malam Tanimu ya ajiye masa wuƙaƙe ƙunshi guda, nasa da na yaran rumfa, ya ce zai dawo bayan la'asar. Aikin ranar nan shi ke riƙe gidan Kumai har damina ta yi nisa. Yana kan wuƙa ta uku bel ya ce tas, ya tsinke.

Hankalinsa ya tashi. Ya kai wa mai gyaran takalmi aka ɗinke, taku biyu ya sake rabewa. Ya zaga shagunan tasha, ya je gidan wani tsohon abokin aikinsa na reluwe, babu. Ya gwada dutsen wasa, sai ga rana tana gudu, shi kuwa ko wuƙa ɗaya bai gama ba. Gumi ya jiƙa masa riga.

Hulda ta kawo masa tuwo ta tarar da shi zaune ya zuba wa injin ido.

"Baba Afiniki, ɗayan bel yana nan a gida," in ji ta a hankali. "Wa zai sani? Wuƙa baya magana."

"Allah yana gani."

"Allah yana gani tukunya na ma, babu komai a ciki!"

Ya aika ta ta ɗauko. Ya riƙe ledar a cinyarsa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Wallahi da wani ne, da tuni an wuce wurin. Amma Kumai mutum ne mai taurin kai a kan abin da ba wanda ya sa shi.

Da Malam Tanimu ya iso, sai ya miƙe ya faɗa masa komai, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"Malam, naku ya yanke. Wanda ya rage na wuƙan alade ne. Ni ban taɓa haɗa ba, ko sau ɗaya."

Malam Tanimu ya dubi ledar, ya dubi injin, ya waiga ya ga yaran rumfa biyu sun tsaya da aiki suna saurare.

"Bel biyu," ya ce. "Injin fa?"

Kumai ya dubi injin, guda ɗaya tak. Shekara da shekaru wannan tambaya ba ta taɓa zo masa ba.

Dattijon ya durƙusa yana tattara wuƙaƙen, waɗanda aka wasa da waɗanda ba a taɓa ba. Babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi ci wa Kumai rai ke nan.

"Ni na san ruwa yana wanke wuƙa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma kafin magariba zancen nan ya gama kasuwa, ka ga wa zai sayi namana in kana bakin rumfata?"

Ya saɓa ƙunshin a kafaɗa, ya yi taku biyu, ya juyo.

"Haba, Baban Afiniki. Da ka ja ni gefe."