Ajiyar Adda da Masu Asiransi

Shekarar da madafar maƙwabtanmu ta kama wuta a Mayahi, ni na fi masu gidan ramewa. Su tiyon gaz ne ya tsage masu, wuta ta ci rufin madafa da buhunan wake biyu, aka kashe, aka yi masu jaje, bayan sati guda matar ta koma suyar ƙosanta tana dariya. Ni kuwa da na dawo daga jaje sai na tsaya ina kallon bangon tawa madafar. Bayan bangon nan akwai wani ɗan ɗaki da ba ma kwana cikinsa, kuma abin da ke ciki ba namu ba ne.

Kayan Adda ne. Bafulatana ce daga wajen Issawane, ta girme ni sosai, shi ya sa nake kiranta haka. Da sayen nono muka san juna, har ta zama in ta shigo kasuwa nan take sallar azahar, ta sha ruwa, ta zagi miyata cewa yaji ya yi yawa, ta cinye. Wata shekara, da ruwan shuka ya sauka za su yi arewa da shanu, sai ga ta da jakai biyu. Ta sauke ƙunshi biyu manya da aka naɗe cikin tabarma da ƙirgi aka ɗaure tamau, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ta ce, "Ga su nan, matar Malam." Shi ke nan. Shekara tara kayan suna ɗakin. In sun dawo bayan kaka sai ta shiga ita kaɗai, ta tura ƙofa, in ji motsi, ta fito tana kakkaɓe hannu. Ban taɓa tambaya ba, ban taɓa taɓa igiyar ba, sai shara da nake yi a kewaye saboda gara.

A Islamiyya malamarmu ta koya mana cewa in ajiya ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, babu laifi a kansa. To ni da na jingina tukunyar gaz da bangon ajiyar mutane, mi sunan wannan in ba sakaci ba?

Malam, maigidana, ma'aikacin noma ne, kullum yana bisa moto tsakanin Mayahi da Tchaké. Ya daɗe yana maganar yin asiransi, abin nan da gidajen rediyo ke ce wa inshora, ta rai saboda yara. Da gobarar ta faru sai ya ce a haɗa da ta gida. Ya ce ni zan zaɓi kamfani, tunda ni ce na yi kolej har na samu takardar shaidar birbe, kuma ni ce ke da haƙurin karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Na fara zuwa wurin malamarmu. Ta ce malamai sun yi saɓani, in nemi wanda tsarinsa na taimakon juna ne, kuma kada mu sa hannu kan abin da ban karanta ba.

Wakilin kamfani na farko daga Maradi ya zo, da mota mai tambari a ƙofa. Turarensa ya riga shi shiga zaure. Kafin ya zauna ya ba Malam hular hana-sallah mai sunan kamfani, ni kuma ya miƙo mani laima. Malam ya ɗora hular bisa gwiwa yana shafa ta kamar kyanwa. Na zauna bakin ƙofa da hijabina da biro da takarda.

Mutumin ya iya magana, sai dai ya fara da rai. "Misali, Madam, Malam ya faɗi da moto hanyar Tchaké, ko babbar mota ta..."

"A'uzubillahi," na ce.

"Misali ne, Madam. Ko ciwon zuciya farat ɗaya. Mu cikin sati biyu..."

Sau huɗu ya kashe mani miji a zaman nan, kowane da irin mutuwarsa, yana murmushi, Malam yana gyaɗa kai kamar labarin wani ake yi. Da aka zo kan gida na faɗa mashi batun ajiya. Na ce in wuta ta ci kayan da ba namu ba, za su biya mai su?

Ya ce kamfani kayan mai gida kawai ya sani. Sai ya rage murya. "Amma Madam, wa zai sani? Mu rubuta naki ne. Wuta ba ta tambayar sunan mai kaya."

Na ce, "Ita ba ta tambaya. Ni za a tambaye ni."

Malam ya yi tari. Da mutumin ya tashi na mayar mashi da laimarsa. Na kalli Malam, Malam ya kalli bango. Hular dai ba ta koma Maradi ba. Ya ce kyauta ce, mayar da kyauta wulaƙanci ne, kuma rana na dukan fuskarsa a gonaki.

Ta biyu mace ce daga wani ofishi a Tessaoua. Da motar kasuwa ta zo, jakarta a hammata, ta yi sallama ta nemi buta tun kafin ta buɗe takarda. Kamfaninsu irin na taimakon juna ne, ta ba ni takardun ta ce in karanta da kyau, ba ta sauri. Maganar rai ta fara ta da "Allah ya ja kwana, amma in ta Allah ta kasance", sau ɗaya tak, ta wuce. Ta tambayi Malam nauyinsa, ya faɗi nauyin da yake da shi ranar aurenmu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ba komai, likita zai auna.

Sannan ta ce in zagaya da ita gidan. Ta ƙwanƙwasa bango, ta duba wayoyin lantarki, ta shiga madafa ta tsaya.

"Maman yara, mi ke bayan bangon nan?"

Na buɗe mata ɗakin, na ba ta labari. Ta ce ana iya sa kayan wani cikin yarjejeniya, sai dai dole a buɗe su, a rubuta ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, mai su kuma ta yarda.

Malam ya ce, "To ai da sauƙi. Kawo wuƙa."

Na tsaya gaban ƙunshin na buɗe hannuwa kamar kaza kan ƙwai. "Malam, ajiya ce."

"Don amfaninta za a buɗe. Mu sake ɗaurewa."

"Ka iya irin ƙullinta?"

Ya duƙa ya daɗe yana duban ƙullin igiyar, ya miƙe ya ce shi a fannin gero ya yi karatu. Matar Tessaoua ta danne dariya. Ta ce ita ma ba za ta ɗauki hoton kayan da mai su ba ta nan ba, mu jira ta dawo. Na gida da na rai za mu iya sa hannu yau in muna so. Na ce a'a, sai na san matsayin ajiya tukuna, don ita ce ta tayar da maganar. Ta ce to, amma kafin nan in raba gaz da bangon nan, wannan shawara kyauta ce ko ban zaɓe su ba.

Lokacin tsakiyar damina ne, su Adda suna can arewa inda waya ba ta shiga. Wata uku ke nan za a jira. Na fitar da tukunyar gaz na kai ta ƙarshen gida, na lulluɓe ta da buhu, sai kuma na ga ko can ma ban yarda da ita ba. Na koma murhu a tsakar gida. Icen damina jiƙaƙƙe ne, sai na yi ta hura ina hawaye, tuwo yana fitowa da ƙaurin hayaƙi. In hadari ya taso in kwashi tukunya da gudu in shige rumfa. Na hana turaren wuta a ɓangaren nan na gida. Na hana maganin sauro mai hayaƙi. Wata rana na iske Malam yana hura gawayin shayi taku biyar daga ƙofar ɗakin, na kwara mashi ruwa a mangal.

Ya daɗe yana kallon gawayin. Ya ce, "Maman yara, ni fa ban ga amfanin asiransin rai ba in hayaƙi da sauro za su gama da ni kafin a sa hannu."

Na ce ya yi haƙuri. Ya yi, Allah ya saka mashi, ko da yake na lura cikin watannin nan aikin Tchaké ya riƙa kai shi har bayan abincin rana.

Ni kuwa kullum in na yi shara sai in dubi ƙunshin in yi ta ƙiyasi. Wata rana in ce azurfa ce ta gado. Wata rana in ce kayan auren ɗiyarta ne take tarawa. Duk abin da na saka a ciki sai ya ƙara mani nauyi a ƙirji.

Bayan an kwashe gero sai ga Adda ranar kasuwa, ta yi baƙi ta rame, da ƙwaryar nono bisa kai. Ta ga murhu a tsakar gida, ta ga idona ja.

"Matar Malam, talauci ya kama ku ne? Ina abin naku mai hura kansa?"

Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga gobara har matar Tessaoua. Ta saurara tana tauna asawaki. Da na gama ta ce, "Tsaya. Shekara tara ba ki buɗe ba?"

"Ban buɗe ba."

"Ko ɗan leƙe?"

"Adda, ajiya ce fa."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ni in ni ce, kafin jakai su bar unguwa na gama gani."

Kasuwa mai zuwa matar Tessaoua ta zo da takardunta. Muka shiga mu uku, Malam ya tsaya daga bakin ƙofa yana miƙa wuya. Adda ta ja bakin igiya ɗaya, ƙullin duka ya warware. Ƙunshin farko ƙorai ne sassaƙaƙƙu, an jera ƙanana cikin manya, da faya-fayai tsakani. Sun tsufa har sun yi duhu suna sheƙi. Ta ce na mahaifiyarta ne, wasu ma na kakarta. Na biyu ma haka, sai ludaya da wani tsohon bargo.

Sai ta buɗe akwatin. Na ga zane shuɗi mai ganye da na ba ta wata ƙaramar sallah. Na ga tarmos ɗin da na saya mata don ta riƙa zuba ruwan zafi, yana cikin kwalinsa. Takalman roba, ɗankwali uku, kwanon silba, sabulai sun bushe sun tsage. Duk abin da na taɓa ba ta cikin shekara tara yana nan a ninke, ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Malam ya ce daga ƙofa, "Wato wata uku ina cin hayaƙi don tarmos ɗin da ni na biya."

Adda ta ce, "Malam, kayan birni ne, daji lalata su zai yi. Nan na san suna lafiya." Ni dai na juya ina gyara hijabi, don kada a ga idona.

Matar Tessaoua ta ɗauko biro ta ce a fara da ƙorai, Adda ta faɗi abin da kowace za ta kai.

Adda ta ɗaga babbar, wadda aka ɗinke tsagarta da zare. "In wannan ta ƙone, mi za ku ba ni?"

"Gaskiya, Inna, kuɗin ƙwarya irin girmanta a kasuwa."

"Ta kasuwa uwata ta yi tatsa a ciki?"

"A'a."

"To mayar da abin rubutunki. Ba a ƙirga mani ƙorai, ba a ɗaukar su hoto kamar masu neman katin zaɓe."

Matar ba ta ja ba. Ta rufe biro ta ce mani, tunda haka ne ba za su iya ɗaukar ajiyar ba, kuma ba ta tsammanin akwai kamfanin da zai biya abin da Inna ke nufi. Na ji kamar wata ukun nan duk sun tafi a banza. Na ce, "To ni yaya zan yi? In wani abu ya faru, da wane ido zan dube ki, Adda?"

Adda ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ke na ba ajiya, ban ba kamfani ba. In wuta ta ci, ke kika aiko ta? Na yafe maki tun yanzu, duniya da lahira." Ta juya ga matar. "Ke mai takarda, wannan za ki iya rubutawa. Rubuta, tunda matar nan ba ta yarda da magana sai ta gan ta a rubuce."

Matar ta juya bayan wata takardar talla ta rubuta da Hausa, ta karanta mana, ta sa hannu a matsayin shaida. Malam ma ya sa. Adda ta shafa baƙin tukunya ta dangwala babban yatsa.

A ranar muka sa hannu kan na gida da na rai da kamfanin matar nan, bayan na sake karanta ƙananan rubutun tana zaune tana jira. Malam ya yi alkawari a gaban shaidu biyu zai gina sabuwar madafa can kusurwar gabas, nesa da ɗakin, kuma ya gina kafin azumi. Adda ta sake ɗaure ƙunshinta, ta ture Malam da ya matso zai ga yadda ake ƙullin. Sannan ta raka matar Tessaoua har tasha, ta sayar mata da sauran nonon a hanya.