Ranar da Agali Ya Fita Daga Layi a Gaban Mutanen Barmu

Ban taɓa mantawa da Lahadin da muka ɗauki telebijin daga Tawa zuwa Barmu ba, don mutanen garin su ga ɗansu yana gudu a Turai. Ku da kuka shigo aikin nan na horar da masu gudu bayanmu, a hoton bango kuka san Agali. Ni na san shi yana ajin farko na kwaleji, siriri kamar karan gero, kullum a guje yake isowa lakwal, wato makaranta, amma ba ya haki. A lokacin ni ne mushe, wato malamin wasanni, kuma mai horarwa a ƴar ƙungiyarmu ta masu gudu, wadda dukiyarta ba ta wuce agogon awo da usur ba.

Gudunsa shi ne mita dubu da ɗari biyar, wato zagaye huɗu na fili ba kaɗan. Sauri kaɗai ba ya kai mutum, haƙuri kaɗai ma haka. Sai an haɗa biyun, an kuma iya rabon numfashi. Agali ya ci Tawa, ya ci Yamai, ya sa rigar ƙasa, daga baya wata ƙungiya a Turai ta ɗauke shi. Shekaru aka yi ana jin sunansa a rediyo. Mahaifinsa Bawa, tsohon ɗan kokawa da aka sani a arewacin Adar, bai taɓa ganin gudun da idonsa ba. Abin da ya yi kawai, ranar da yaron zai tafi, ya kwance kambun da ya yi kokawa da shi ya ɗaura masa a damtse.

Da muka ji za a nuna wata babbar gasa kai tsaye kuma Agali na ciki, sai shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Perezida, ya aiko a kira ni.

"Mushe Idi, a kai wa tsohon nan tele. Kada ya bar duniya bai ga ɗansa ba."

"Ranka ya daɗe, ko mu fara tambayar yaron?"

"Tambayar mi? Wa ake tambaya kafin a girmama shi?"

Aka aro injin wuta da farantin kama tashoshin waje. Damina ce, ana tsakiyar noma, amma bayan azahar mutane suka ajiye hauya suka cika harabar lakwal. Aka sa wa Bawa kujera a gaba. Ɗan Tani, makaɗin da ya bi shi fagen kokawa tun suna samari, ya zo da gangarsa ba tare da an gayyace shi ba, kamar yadda ya saba.

A tele aka harba bindigar fara gudu. Kafin kwanar farko Agali ya fito gaba, kuma da hoton ya matso sai ga kambun a damtsensa. Bawa ya nuna shi da sanda. Mata suka ɗauki guɗa, Ɗan Tani ya saki ganga yana kirari: "Ɗan Bawa! Turawa ku ci ƙura!" Perezida ya miƙe yana gaisawa da mutane kamar shi ke gudun.

Ni kuwa na matso kusa da tele. Ba mai neman wuce shi. Manyan masu gudun sun jera a bayansa kamar raƙuman da aka ɗaure da igiya guda, shi kuma a kowane zagaye yana satar kallon agogon filin. Mai son ya ci ba ya fara gudu haka. Na san abin da nake gani, na kuma roƙi Allah ya sa na yi kuskure.

Ana cikin zagaye na uku, yana gaba da kowa, sai ya ratse gefe. Bai faɗi ba, bai riƙe cinya ba. Ya fita daga layi da ƙafafunsa, ya taka a hankali, ya juyo yana tafa wa waɗanda ke wuce shi.

Guɗa ta yanke a tsakiya. Ba abin da ake ji a harabar sai ƙugin inji. Wata tsohuwa ta ce, "Inna lillahi, an yi masa jifa." Wani ya ce ko tele ce ta lalace. Perezida ya koma ya zauna, ya shiga duba wayarsa da himma, kamar an aiko masa saƙon gaggawa.

Bawa ya tashi. Muryarsa ba ta yi sama ba, shi ya sa kowa ya ji.

"An kada ni a fage, ba sau ɗaya ba. Amma ban taɓa fita da ƙafafuna ana cikin kokawa ba. Kuma har shina tafa musu. Mushe, ka gaya masa ya aiko mini da kambuna. Shi kuwa ya zauna can."

Ya fita, Ɗan Tani na biye da shi. Perezida ya dube ni ya ce, "Kai ka koya wa yaron, je ka yi wa tsohon bayani."

Ga bayanin, don ƙanananku. A manyan gasa, idan ana son a yi lokaci mai kyau, masu shirya gasar sukan ɗauki gwanin gudu guda su sa shi gaba. Aikinsa ya ja sauran a kan saurin da aka yanka masa, ya tare musu iska, in ya kai inda aka ce ya kauce. Ana kiransa zomo. Aiki ne na halal, a cikin doka, kuma ba kowa ake ba shi ba. Sai dai mu ƴan sana'a mun san abin da yake nufi ga mutum irin Agali: ya daina neman na ɗaya. Wannan ne ya fi damuna, domin ni ma a tele na ji labarin, tare da kowa.

Na iske Bawa a ƙofar gidansa, na tsuguna, na jera masa bayanin nan tsaf kamar ina gaban allo. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Ke nan tun kafin a fara an san zai fita?"

"An sani, Baba."

"Kuma ana ba shi lada a kai?"

"Aikinsa ne."

"To, Mushe, ka ƙara mini. Da ina zaton tsoro ne. Ashe sayar da kaye ya yi."

A iya shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa yin darasin da ya lalace haka ba. Ina nan tsugune wayata ta yi ƙara. Agali ne, wani ya riga ya aika masa hoton taron. Na koma gefe.

"Mushe, don Allah ba dai Baba ya gani ba?"

"Duk Barmu ta gani. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Gwiwa ta daina ba ni zagayen ƙarshe. Biyu da rabi ina da su, ba na kuskure ko kaɗan, shi ya sa suke nemana. Amma ta yaya zan gaya wa Baba?"

Da na dawo, na iske Ɗan Tani ya ajiye ganga yana ɓare goro. Makaɗi yana da izinin faɗin abin da ni ko Perezida ba za mu iya ba.

"Bawa, tambaya gare ni. Shekarar da bayanka ya ƙi, ka bar fage, wa nika gani kowace yamma a rairayin bayan gari, yara na ɗaga shi suna bugawa da ƙasa?"

"Wancan koyarwa ce."

"Ɗan Ila da ya kada rabin Adar, a kan wa ya koyi kaye? Kai ka riƙa ba shi ƙafa. Ka san za ka faɗi tun kafin ku kama. Kuma ubansa ya aiko maka da damin gero, ni na ɗauko shi, har na ci rabona."

"Ba a gaban mutane ba."

"To nan kam ka fi ɗanka wayo. Naka ba a sa shi a tele ba."

Wayar na hannuna, ban kashe ba. Can Bawa ya miƙo hannu ya karɓe ta, bai dube ni ba. Bai yi sallama ba, bai tambayi lafiya ba.

"Kai. Gwiwar ce?" Ya saurara kaɗan. "Da ka faɗa, da ban tara wa kaina mutane ba. Kambun, riƙe shi. In an yi girbi ka zo in ga ƙafar. Amma tafin nan ka bari. Ba a kada mutum shina murna."

Ya miƙo mini wayar ya shige gida.

A hanyar komawa Tawa, Perezida ya ce shi dama tun farko ya so a tambayi yaron. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mu masu horarwa muna koya wa yaro yadda zai tashi da yadda zai ci, ba ma koya masa yadda zai sauka, balle yadda zai faɗa a gida. Kowane mai gudu yana da ranar da ƙafa za ta rage masa zagaye guda. Tun daga lokacin, duk yaron da ya fara nisa, nakan je gidansu in zauna da iyaye tun ƙafar na da ƙarfi, in faɗa musu yadda sana'ar take ƙarewa.

Makonni bayan haka na kalli wata gasar a waya, ni kaɗai. Agali ya ja su daidai, ya kai wurinsa, ya ratse gefe. Sai ya mai da hannayensa biyu baya ya harɗe su, ya tsaya haka har aka gama.