Saniyar Baffa, Nonon Inna

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar likitancin dabbobi aka turo mu ƙasar Isa koyon aiki, mu uku da malaminmu. Mun shekara biyar muna karanta saniya a takarda, har mun san sunan kowace jijiya tata da Latinanci, amma a cikinmu babu wanda saniya ta taɓa yarda ya riƙe mata kunne. Kullum da hantsi mukan hau babura mu shiga daji, da sharaɗi ɗaya da ba ya cikin littafi: kafin la'asar mu dawo kan kwalta. Masu baburan ba sa son a tambaye su dalili, mu ma ba mu buƙatar a faɗa mana.

Aikin makon nan gwajin tarin fuka ne a shanun tatsa. Ana aske ɗan wuri a wuyan saniya, a auna kaurin fatar, a yi allura a cikinta, a dawo bayan kwana uku. In wurin ya kumbura, saniyar na ɗauke da cutar, kuma mai shan madararta ba a tafasa ba yana iya kamuwa.

Wata ruga ce a bayan Bafarawa. Mai ita dattijo ne, muna ce masa Baffa, matarsa kuma Inna. Muna askin wuya, ita tana tsugune ƙarƙashin wata jar saniya, ta jingina goshinta da cikinta tana tatsa. Lokaci zuwa lokaci sai ta juyar da kai ta yi tari, busasshe, mai tsawo. Malam ya dube ta, ya dube mu, ya ci gaba da aski. Mutum ne mai rowar magana.

Ranar komawa aka kira shi Unguwar Lalle, ya bar mana awon. Shanun duk lafiya, sai jar nan. Wuyanta ya tasa kamar an cusa ƙwan zabo ƙarƙashin fata. Na auna sau uku, ko ƙarfen awon zai ji tausayina. Bai ji ba.

Littafinmu ya ce a sanar da mai dabba. Na ja Baffa gindin wata aduwa, na yi masa bayani tiryan-tiryan: a ware saniyar, a riƙa tafasa madara, Inna kuma ta zo asibitin Isa a gwada majinarta. Ya saurara har na gama.

"Mun ji, Likita. Allah shi kyauta."

Na koma masauki ina jin kaina cikakken likita. Malam ya tambaye ni, "Wa ka faɗa wa?"

"Mai shanun, Malam."

"Mai nonon fa?"

Sai a nan ya yi mini darasin da babu a manhaja. A ruga saniya ta namiji ce, amma daga hantsa zuwa ƙwarya mulkin mace ne. Dattijo irin Baffa ba ya leƙa ƙwaryar matarsa, balle ya ce mata ta ɗora ta a wuta. Abin kunya ne. Na dubi rana, la'asar ta riga ta yi.

Washegari masu babura suka ce hanya ba ta da kyau, kuma ba ramuka suke nufi ba. Haka jibi. Ranar da muka samu shiga, babu kowa a rugar. Toka, turaku, busasshen kashin shanu. An tashi, kuma ba wanda muka tambaya ya ga inda aka nufa. A ƙasar nan mutane sun daina ganin inda kowa ya nufa.

Ranar kasuwar Bafarawa na bi layin masu nono ɗaya bayan ɗaya. Tarin Inna na fara ji kafin na gan ta. Ta rame, amma ƙwaryarta fes, cike, ludayi a kai.

"A'a, ɗan likita! Kai ne wanda saniya ta taka? Zauna in dama maka."

"Na gode, Inna. Ranar da muka dawo, Baffa ya gaya miki abin da na ce?"

"Ya ce likitoci suna gaishe ni."

Na tsuguna na faɗa mata duka, da ƙaramar murya, saboda masu saye na tsaye. Ba ta katse ni ba.

"Wagga ja? Ni na tatsi uwatta. Ita ta ba ni tarin ga?"

"Ban sani ba, Inna, sai an gwada ki."

"Ka san sunan ciwon, ka wuce ni ina tsugune, ka tafi ka gaya ma wanda bai taɓa riƙa hantsa ba? Mi aka koya muku can?"

Wani mai sayar da kayan Nijar ya miƙo kwano, ya ce a zuba masa. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar.

"Ya ƙare," ta ce.

Mutumin ya dubi ƙwarya cike, ya dube ni, ya wuce.

Na roƙe ta ta zo asibiti. Ta ce sun sauka can arewa, kusa da iyaka. "Za ni zo in hanya ta yi kyau." Ta aza ƙwaryar a ka, tari ya kama ta, ta dafe da hannu ɗaya har ya sake ta. Ta yi taku biyu, ta juyo.

"Wannan ƙwarya ta biyu ce. Ta farin tun hantsi ta ƙare."

Na dubi rumfunan. Mutane zaune a inuwa, kowa da kwanonsa, suna shan fura cikin kwanciyar hankali.

Kwana tara suka rage mana a Isa. Kowace safiya nakan bi ta ƙofar asibiti in tambaya. Har muka tafi hanyar ba ta yi kyau ba.