Faifan da Waya Ta Zaɓa wa Launi

Tun ina yarinya a Furana nake rina kaba ina saƙa faifai, kuma har aure ya kawo ni Ikara ban ajiye basilla ba. Ban taɓa sa alama a aikina ba. Mace ta shiga ɗakin amarya ta ɗaga kai ta dubi jeren bango, in jan ya kama kamar jinin yanka, baƙin kuma babu toka-toka a jikinsa, ta san hannuna ne. Abin da na tara a duniya ke nan, ba gona ba shanu. Ana cewa idon tsohuwar nan ba ya kuskure.

Shekarar da za a aurar da jikata, 'yar babban ɗana, na ware kaba mai kyau tun kaka, na ce faifai goma sha biyu zan yi mata. Takwarata ce, sunana aka sa mata, shi ya sa uwarta da ubanta ba sa kama sunan, sai laƙabi. Ta yi karatu a Zariya, ta dawo da gilashin ido da waya mai faɗin tafin hannu, ita ta zaɓi mijinta, ni kuwa ban ga aibunsa ba.

Wata hantsi ina tsaga kaba a gindin dalbejiya ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwar da ta yi tsawo har na san da magana a bayanta. Ta ce ita da ƙawayenta sun yanke shawara komai na bikin launi ɗaya zai zama, anko da katin gayyata da labule, har faifaina. Na tambaye ta wane launi. Ta ce launin sunanta.

Ta miƙo mini wayar. Wai akwai wani wuri a ciki da ake rubuta kalma, kowace iri, sai ya juya ta zuwa alamomi shida da wani ɗan shinge a gabansu, alamomin nan kuma su ne launi. Biyun farko na ja ne, biyun tsakiya na kore, biyun ƙarshe na shuɗi. Ta ce masu abin ba sa tsayawa a tara in suna ƙirga, sai su aro baƙaƙen boko su ci gaba har sha biyar. Ni ban iya karatu ba, amma na san mutumin da lambobinsa suka ƙare har ya je aro ba shi ne zai koya mini awo ba. Na ce ta nuna mini baƙi. Ta danna, ta ce baƙi sifiri ne sau shida, wato babu komai. Kwana uku nake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera kafin in sami baƙin da zan yarda da shi, hannuna ya yi mako bai wanku ba, su kuma a wurinsu babu komai ne.

Sai ta rubuta sunan. Abin da ya fito ba kore ba ne, ba ruwan ƙasa ba ne, kamar miyar kuka da ta kwana a kasko aka ƙara mata ruwa.

"Wannan ne ni?" na ce.

"Ni ce dai, Kaka."

"Sunan nawa ne kafin ya zama naki. Shekara saba'in ina amsa shi, ba wanda ya ce mini haka yake."

Ta yi dariya ta ce ai a can irin wannan launin ake yayi, mai sanyi, ba mai ihu ba irin na ƙauye. Na sa ta ƙara Hajiya a gaban sunan, sai abin ya koma ruwan hoda. Na ce to ashe da na sauka daga jirgi na sauya kala ban sani ba. Na sa ta shiga inuwa da wayar, launin ya yi duhu, ta fito rana ya kusa ɓacewa. Uwarta ta kawo tata wayar, aka sa alamomin nan shida, ya fito daban. Duk da haka yarinyar nan ta tsaya a kan cewa lambar ba ta ƙarya.

Na ce ba zan yi ba. Da ta yi kuka da shi ke nan, na saba da kuka. Sai ta tattara gyalenta, ta ce a hankali, kamar tana tausaya mini:

"Ba komai, Kaka. Dama na ce wa Umma zai yi wuya a same shi da hannu."

Nan ta kama ni, kuma na sani a lokacin. Ranar kasuwar Makarfi na shiga mota da kaina na je wurin mai garura, garin rinin nan, da na shekara ashirin ina saye a hannunsa. Na sayi kore da rawaya da ɗan ja. Ya tambaye ni me zan haɗa, na ce ya auna kawai. Kwana huɗu ina ɓata kaba. In tsoma, in shanya, in kira ta ta ɗora wayar a gefe a inuwar zaure, in ce bai yi ba ko da ita ta ce ya yi. A rana ta biyar na rage wuta, na ɗiga ruwan bagaruwa kaɗan a kan haɗin, ya fito. Ta ɗora kabar a kan gilashin wayar, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ta ɗauki hoto ta aika wa ƙawayenta. Na yi saƙar duka goma sha biyun, ban ji daɗin ko ɗaya ba, amma bakinsu ya naɗu yadda na saba naɗewa, don hannu ba ya iya yin ƙarya ko an sa shi.

Ranar ganin ɗaki a Kudan, garin angon, mata suka cika, dangin ango da namu. Ina zaune a bakin gado ina kallon inda idanunsu suke zuwa. Wata tsohuwa daga Kurmin Kogi, wadda ni na yi wa 'ya'yanta mata uku faifai, ta tashi ta ciro ɗaya daga bango ta juya bayansa, ta shafa naɗin bakin da babban yatsa. Ta gane. Ta mayar da shi a hankali, ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna tana tambayar lafiyar jiki, ta maimaita har sau uku. Da na fita alwala na jiyo ta ta taga tana gaya wa na kusa da ita:

"Saƙar tana nan, Allah sarki. Idon ne ya tafi."

Kafin mako ya zagayo maganar ta riga ni komawa Ikara. Maƙwabciyata ta zo da labarin wani asibitin ido da ake cire yana. Wata da ta riga ta ce ni zan yi wa 'yarta faifai ta aiko da gaisuwa da goro, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Jikata ta kira a waya tana haƙuri, ta ce za ta gaya wa kowa cewa ita ta zaɓa, za ta nuna musu lambar su ga ban kauce ko kaɗan ba.

Na hana ta. Na ce in ta buɗe baki a kan wannan kada ta ƙara taka ƙofata. Ciwon ido daga Allah ne, yana samun kowa, ba a yi wa mai shi dariya. Amma a ce mace irina ta zauna kwana biyar tana bin umarnin gilashi, ta san abin ba shi da kyau ta kuma yi shi don kada yarinya ta ce ba ta iya ba, wannan ba ni da bakin kare shi. Har yau in za mu gidan suna akwai mai kama mini hannu a bakin kwata, tana cewa in taka a hankali. Ina ganin kwatar sarai, har da tsinken da ke yawo a cikinta, sai in ba ta hannun mu tsallake.