Kofin da Goggo ta Kife

Kafin keken ɗinki na farko ya fara ƙara, butar Goggo mai shayi ta riga ta tafasa. A ɗan ɗakinta da ke bayan ma'aikatarmu kowace mace tana da kofinta a jere kan tebur, kuma Goggo ta san mai son madara, ta san mai rantsuwar ta daina sukari alhali tana ƙara cokali a ɓoye. Yanzu da ta ajiye aiki, ina kewar ƙamshin ɗakin nan har cikin raina.

Akwai shekarar da yayata, wadda muke ɗinki tare, ta ji ƙullutu a nononta. Lokacin magana tana ta yawo cewa koren shayi yana kare mace daga sankarar mama. Yaya ta riƙe shi magani, safe da yamma, ta ƙi asibiti don tsoron wuƙa. Na roƙa, na yi kuka, na haɗa ta da mijinta, duk a banza.

Sai zancen ya kai kunnen Goggo. Washegari Yaya ta tarar da kofinta a kife.

"Ba ki da shayi a wurina, 'yata, sai likita ya duba ki," in ji Goggo. "Haka na yi ta dafa wa ƙanwata ganye har muka rasa ta."

Yaya ta yi fushi, ta koma zuwa da filas daga gida. Sai dai shayin kaɗaici ba ya shiga, ga dariyarmu tana jiyowa ta bango. Kullum Goggo ta wanke kofin nan ta sake kife shi. Ranar da Yaya ta sakko, Goggo ce ta raka ta asibiti. An yi mata aiki, an sha wuya, amma yau Yaya jikarta take goyo.

Goggo, ke ce mai shayin da ta san ranar hana shayi. Kin jure gabar wadda kike so don ta rayu. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma, duk wadda take da 'yar'uwa mai ɓoye ciwo, kada ta ji nauyin ɓata mata rai.

Ranar bankwana na je shan kofina na ƙarshe, na tarar da shi a kife.

"Ke kuma," in ji Goggo, "yaushe rabon da a duba ki?"