Sunan da Likitan Dabbobi Ya Ƙi Faɗa

Abubuwa da yawa sun shige mini, wasu ma sai an tuna mini. Amma ranar da na jagoranci mutanen garinmu zuwa ofishin likitan dabbobi a Karaye, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Zamanin mulkin soja ne. Ina koyarwa a wata firamare ta wajen Fulatan, saurayi mai ji da bokonsa. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, da nonon shanunsa na girma. Mutum ne marar yawan magana.

Ana shirin babbar salla sai ga motar ƙaramar hukuma da sanarwa: an killace shanun yankinmu, ba mai fita da su, ba mai kai su kasuwar Rogo. Ba a faɗi dalili ba, motar ta yi gaba. Mutane sun shekara suna kiwo da sa rai, ga kasuwa ta buɗe, an ce su zauna. Nan jita-jita ta tashi. Wasu suka ce wani babban dillali ne ya sa a hana mu, wasu suka ce daga cikinmu ne wani ya je ya tsegunta. Samari har rantsuwa suke yi, in suka gano shi sai sun ƙona masa ruga.

Aka ce ni zan yi magana da yawun jama'a, tunda na san bakin 'yan ofis. Kawu ya ce zai bi mu, na goya shi a babur.

Likitan wani siririn mutum ne mai sanyin murya. Da ya ga ofis ba zai ɗauke mu ba sai ya fito da benci gindin darbejiya. Bayan an gaisa na miƙe.

"Yallaɓai, dukiyarmu ce aka tsare. Haƙƙinmu ne mu san dalili."

Na zaci zai yi mana fankamar hukuma. Sai ya ce, "Malam, kana da gaskiya. Tun ranar farko ya kamata a yi muku bayani. Laifinmu ne."

Ya zauna ya warware mana komai. Ciwon huhu ne ya ɓulla a wani garke, kuma a mashaya yake yaɗuwa. Ya faɗi alamunsa, ya ce allurar rigakafi tana hanya daga Kano, ya faɗi abin da za a gani kafin a janye dokar. Duk wanda ya yi tambaya ya ba shi amsa. Da ina da hankali a nan zan yi godiya mu tashi. Amma na ga idon jama'a a kaina, abin ya yi mini daɗi.

"To wa ya kawo ƙarar?"

"Wannan kam ba zan faɗa ba."

"Ashe dai akwai abin da ake ɓoye mana!"

"Cutar ta shafe ku duka, na gaya muku. Sunan bai shafe ku ba. Da amana mutumin ya zo. In na faɗa yau, gobe wanda ya ga cuta a garkensa shiru zai yi."

Na ɗaga murya. Na ce ko wane ne wannan munafuki ne, maci amanar 'yan uwansa, in ya isa namiji ya fito fili. Samari suka ɗauki tafi. Na ce zan kai maganar gaban kantoma.

"Ka je, Malam," in ji shi. "Shi ma amsar da zan ba shi ke nan."

A hanyar komawa Kawu ya taɓa kafaɗata ya ce mu tsaya mu yi la'asar. Muka yi alwala a wani rafi. Bayan mun idar yana karkaɗe hularsa, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ɗan nan, munafukin nan da kake nema, shi ka goyo."



Ya ce shanunsa ne suka fara tari. Ya gane ciwon, don ya taɓa ganinsa yana yaro. Da ya so, da ya kaɗa su kasuwa ya sayar ba wanda ya sani. "Amma in sayar wa musulmi cuta ya kai gidansa? Ina zan sa kaina ranar gobe ƙiyama?" Shi ya je Karaye da ƙafarsa, ya roƙi likita ya rufa masa asiri.

Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi ka ta da babur, yamma tana yi." Haka na tuƙa shi har gida, hannunsa a kafaɗata, ina jin nauyinsa har cikin ƙashina.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Samari suka riƙa tare ni suna cewa, "Malam, yaushe za mu wajen kantoma?" Ni da na yi ta ihun a faɗi suna, ni na koma mai ɓoye shi. Sai in sunkuyar da kai in ce a bar maganar.

An zo an yi allura, shanun yawancin mutane suka tsira, ko da yake kasuwar sallar ta wuce su. Na Kawu kuwa kaɗan suka rage. Na yi ta niyyar komawa in ba likitan haƙuri, kunya tana hana ni, har aka canza masa wurin aiki. Sai da Kawu ya rasu na iya buɗe baki da wannan labari.

Har yau ina nan a kan cewa hukuma ta riƙa gaya wa talaka dalilin abin da take yi masa, don shirunta na farko ne ya haifi jita-jitar nan. Amma na koyi cewa a ofishin gwamnati akwai abin da yake na jama'a, akwai kuma amanar mutum ɗaya da aka ba ta ajiya. Tun daga ranar, kafin in ce sai an faɗa mini, nakan tambayi kaina: in na ji, me zan yi da shi, kuma wa zai kwana a ciki?