Gefen Inuwa

Duk ranar da na ji warin man zafi, ko a cikin tram ne, jirgin ƙasan nan na cikin gari, sai in ga mahaifiyata durƙushe a ɗakinmu na unguwar Minguettes, a gefen birnin Lyon, tana murza wa mahaifina gwiwa. Bari in ba ku labarin gwiwar nan, ku san irin mutumin da ba a bi zuwa dutse.

Mahaifina ɗan dako ne a wata mangaza, babban ɗakin ajiyar kaya, a Vénissieux kusa da gidanmu. Da ƙafafunsa muke ci, da su ake biyan haya. Yana da wa a Paris, ma'aikacin wani ofishin jakadanci, muna ce masa Baba Alhaji. Aikin da yake yi a can har yau ban sani ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan Faransa. Wani hunturu, ina ƙaramar yarinya, abokan aikinsa suka dawo hutu da hotunan kan duwatsu. Shi ke nan ya kasa zama. Ya sauko Lyon da sabuwar rigar sanyi ja wur da na'urar ɗaukar hoto, wai zai kai mu mu taka dusar ƙanƙara ta gaske.

Mahaifiyata ta ce ga ƙananan tuddai nan yamma da gari, inda malaman lakwal ke kai 'yan makaranta. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Waɗancan ai juji ne. Mu da muka tashi kan duwatsun Damagaram?"

Ya nuna dutsen Pilat ta taga, don shi ya fi fari kuma ya fi tsawo. Iyakar bincikensa ke nan. Mahaifiyata ta ce ita kam ba ta zuwa, muka tafi mu uku. Kuma ba mu bar gida ba sai bayan azahar, domin a garinsu mai hankali ba ya tafiya rana tsaka. Bai tuna ba cewa ranar hunturu a nan ba ta jiran kowa.

A gindin dutsen hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi gefen da rana ke haskawa, ɗaya ta shige ƙarƙashin itatuwa, duhu-duhu, iska na shiga ƙashi. Mahaifina ya dubi takalmansa na aiki da suka sha jiki, ya ce a hankali, "Yaya, ko mu bi ta rana?"

"Wa ke shiga rana ga inuwa? Allez, mu je."

A Damagaram inuwa rahama ce. A nan kuwa, gefen inuwa shi ne inda ƙanƙara ke kwana ta yini, ta daskare sumul kamar an zuba mai a faranti. Tun da aka haifi mahaifina bai taɓa musa wa wansa ba. Ya saɓa jakar abinci da jakar Baba Alhaji, ya riƙe hannuna. Shi kuwa gogan yana gaba hannu a aljihu, yana tsayawa a ɗauke shi hoto.

Ba mu yi nisa ba ƙafata ta zame. Mahaifina ya fizgo ni, nauyin jakunkuna ya juya shi, ya tafi ƙasa da gwiwa ɗaya a lanƙwashe. Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ba zan manta abin da Baba Alhaji ya fara ɗagawa daga ƙasa ba: na'urarsa ta hoto. Ya hura ta, ya goge da hannun riga. Wasu masu saukowa ne suka kira masu ceto, rana na faɗuwa.

Mahaifina bai koma mangaza ba. Duk ranar da na'urar hawa bene ta mutu, zama yake a kowane hawa ya huta, ina tsaye riƙe da sandarsa. Baba Alhaji ya zagaya dangi da kalma ɗaya, ƙaddara. Hoton jar rigar yana nan rataye a falonsa na Bobigny, a gefen Paris, cikin firam mai ruwan zinariya.

Yanzu ni ke kai matan unguwarmu yawon tudu ranar Lahadi. Sabuwar shiga ba na kai ta inda ya fi kyau a hoto. Ƙaramin tudu nake nema, mai faɗin hanya, wanda ke fuskantar rana, da ƙauye a kusa. Da safe muke tashi, kuma in na ce a juya, a juya, ko wace ce babba a cikinmu.

Kwanan baya Baba Alhaji ya bugo waya. Bayan gaisuwa ya ce, "An ce kin zama gwanar dutse. To, ki riƙa faɗa wa mutane wanda ya fara kai ki."

Na buɗe baki. Mahaifina yana kan kujera, ƙafarsa miƙe a kan matashi, ɗakin duk warin man zafi. Ya ɗaga mini hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yi masa godiya. Yayana ne."